Doka da Binciken Ƙwayoyin Gado: Darasi daga Tarihi

A shekarar 1978 aka haifi Louise Brown a Ingila, jaririya ta farko da aka haɗa ƙwayayenta a ɗakin gwaji. Haihuwarta ta tilasta wa hukumomi amsa tambayar da ba su taɓa fuskanta ba: ina iyakar abin da masani zai iya yi da ɗan tayi? A 1984 kwamitin Mary Warnock ya ba da shawarar kada bincike ya wuce kwana 14 na farko, dokar 1990 kuma ta tabbatar da hakan. Faransa ta kafa nata dokokin a 1994.

Ƙasar Hausa ta ga illar bincike marar linzami. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gudanar da gwajin maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Kano. 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a nemi yardarsu ba, kamfanin ya musanta laifi, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A ƙasar Sin ma, He Jiankui ya sauya ƙwayoyin gadon wasu tagwaye a 2018, aka ɗaure shi shekara uku.

Sai dai toshe ƙofar bincike shi ma hasara ne. Da dabarar da He ya yi wa amfanin ganganci aka samar da Casgevy, maganin amosanin jini, wato emasi, wanda Ingila da Amurka suka amince da shi a 2023. Cutar nan ta addabi gidaje da dama daga Tawa har Barmu, amma farashin maganin ya haura dala miliyan biyu. Abin da ke hannunmu shi ne awon jini kafin aure, wanda jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024.

Ya kamata malaman makaranta da ƙungiyoyin Adar su tattauna batun nan tare da malaman addini da likitoci tun kafin a rubuta mana doka. Su nace a kan abu biyu: kada a ɗebi jinin kowa don bincike sai da yardarsa cikin harshen da yake ji, kuma sakamakon awo ya kasance sirri, kada ya zama tabon da zai hana ƴa mace aure.