Mutum-mutumin Farfaɗowar Afirka da ke Dakar

Mutum-mutumin Farfaɗowar Afirka yana tsaye ne a kan ɗaya daga cikin tagwayen tuddan Mamelles, a unguwar Ouakam da ke Dakar, babban birnin Senegal.

Tsawonsa ya kai mita 49, kuma shi ne mutum-mutumi mafi tsawo a nahiyar Afirka.

An ƙera shi da tagulla, da siffar wani ƙaƙƙarfan namiji riƙe da mace, yana ɗauke da yaro wanda ke nuni da yatsa zuwa tekun Atilantika.

An ƙaddamar da shi a watan Afrilun 2010, lokacin bikin cikar Senegal shekaru 50 da samun 'yancin kai daga Faransa.

Manufa

Shugaban ƙasar na wancan lokaci, Abdoulaye Wade, shi ne ya ba da umurnin yin aikin, domin ya zama alamar fitowar Afirka daga ƙangin bauta da mulkin mallaka.

Wani masanin zanen gine-gine ɗan ƙasar, Pierre Goudiaby Atepa, shi ne ya jagoranci tsara aikin, sai dai kamfanin Mansudae na Koriya ta Arewa ne ya ƙera shi.

Kamfanin ya yi irin waɗannan ayyuka a Namibiya da Zimbabwe, kafin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya haramta sayen mutum-mutumi daga Koriya ta Arewa a 2016.

Ce-ce-ku-ce

Aikin ya ci kimanin dalar Amurka miliyan 27, a lokacin da mazauna Dakar ke fama da ɗaukewar wutar lantarki, da ambaliyar ruwa, da tsadar rayuwa. 'Yan adawa sun ce almubazzaranci ne.

Shugaba Wade ya ƙara fusata jama'a da ya ce shi ke da kashi 35 cikin 100 na kuɗin shigar da wurin zai samar, tun da shi ne mai tunanin.

A ƙasar da fiye da kashi 90 cikin 100 na jama'arta Musulmi ne, limamai da dama sun kira shi gunki, sun kuma koka da yadda tufafin macen suka bar jikinta a waje.

Da yake mayar da martani a ƙarshen 2009, Mista Wade ya kwatanta shi da siffofin Annabi Isa da ke cikin majami'u, lamarin da ya harzuƙa Kiristocin ƙasar, har ta kai ga neman afuwa.

Masu fasahar ƙasar, ciki har da shahararren mai sassaƙa Ousmane Sow, su ma sun soki aikin. Wasu na ganin ya fi kama da gumakan tsohuwar Tarayyar Soviet fiye da fasahar Afirka.

Bayan ƙura ta lafa

Mista Wade ya sha kaye a hannun Macky Sall a zaɓen 2012, amma mutum-mutumin yana nan daram.

A yau yana cikin wuraren da baƙi suka fi ziyarta a Dakar. Akwai ɗakunan baje kolin fasaha a cikinsa, kuma na'ura kan kai masu ziyara har cikin kan namijin, inda ake hango birnin da teku.

Matasan unguwar kan motsa jiki a kan dogayen matakalansa, masu sana'ar hannu kuma na cin kasuwa a gindinsa.

To sai dai har yanzu akan kafa misali da shi idan ana muhawara kan ko ya kamata hukuma ta tuntuɓi jama'a kafin ta kafa abin da za su riƙa gani kullum a unguwarsu.