FASHIN BAƘI: Kiɗan indi da ƙananan zaurukan wasa a Birtaniya, asalinsu da halin da suke ciki

Indi suna ne da ake kiran waƙoƙi da kaɗe-kaɗen da ke fitowa daga ƙananan kamfanonin faifai masu cin gashin kansu, ko daga hannun mawaƙan da ke ɗaukar nauyin aikinsu da kansu. An gutsuro sunan ne daga kalmar Ingilishi mai nufin 'yancin kai. Kamfanoni uku, wato Universal da Sony da Warner, su ke riƙe da kaso mafi tsoka na kasuwar waƙa ta duniya, kuma a ma'anar asali duk mawaƙin da ba ya ƙarƙashin inuwarsu ɗan indi ne. Daga baya kalmar ta faɗaɗa, ta zama sunan wani salon kiɗan jita da ganguna, ko da kuwa babban kamfani ne ya fitar da shi.

Harkar tana tsaye ne a kan duwatsun murhu uku: ƙaramin kamfanin da ke buga faifai, ƙaramin zauren da mawaƙi ke koyon tsayuwa a gaban jama'a, da masu bibiya waɗanda ke farautar sabuwar waƙa tun kafin ta yi suna. A Birtaniya, ɗaya daga cikin ƙasashen da al'adar ta fi kafuwa, dutse na biyu ne ke girgiɗi a 'yan shekarun nan.

Asali

Masu tarihin kiɗa kan faro labarin daga watan Janairun 1977, lokacin da rukunin Buzzcocks na birnin Manchester ya ranci kimanin fam 500 daga 'yan'uwa da abokai, ya buga ƙaramin faifai mai waƙoƙi huɗu mai suna Spiral Scratch da sunan kamfanin da suka kafa da kansu. Kwafi 1,000 suka fara bugawa, amma sai da aka sayi kusan 16,000. Darasin da matasa suka ɗauka shi ne, ba sai an jira amincewar babban kamfani ba.

Shekara guda kafin haka, a 1976, Geoff Travis ya buɗe shagon faifai na Rough Trade a yammacin Landan. A 1978 shagon ya haifi kamfanin buga faifai, sannan ya haɗa kai da wasu shaguna a sassan ƙasar suka kafa hanyar rarraba kaya ta kansu. A wannan shekarar aka kafa Factory a Manchester, 4AD ya biyo baya a 1980, sai Creation a 1983. Tun daga Janairun 1980 aka fara wallafa jadawalin cinikin faifayen indi na mako-mako, dabam da babban jadawalin ƙasa. Abin da ake dubawa a wancan lokaci shi ne hanyar da faifan ya bi ya iso kasuwa, ba irin sautin da ke cikinsa ba. Kaset ɗin C86, mai waƙoƙi 22, wanda mujallar NME ta fitar a 1986, yana cikin abubuwan da suka sa aka fara jin kalmar a matsayin salo.

Yadda ake bibiyar sababbin waƙoƙi

Shekaru da dama rediyo da mujalla da shagon unguwa su ne idon mai bibiya da kunnensa. John Peel, wanda ya gabatar da shirye-shirye a tashar BBC Radio 1 daga 1967 har rasuwarsa a 2004, ya yi suna wajen sauraron kaset ɗin da matasa ke aiko masa da sa waƙoƙin waɗanda ba a san su ba. Mujallun kiɗa na mako-mako kuwa su ke sanar da wane faifai ya fito, wane rukuni ne zai yi wasa, a wane gari.

Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. NME, wadda aka kafa a 1952, ta daina fitowa a takarda mako-mako a watan Maris na 2018. A yau hanyoyin da aka fi bi su ne waɗannan.

Na farko, ranar Juma'a. Tun daga 10 ga Yulin 2015 masana'antar waƙa ta tsayar da Juma'a a matsayin ranar fitar da sababbin waƙoƙi a duk duniya. Kafin nan Birtaniya na fitarwa ne ranar Litinin, Amurka kuma Talata, kuma wannan tazara tana ba masu satar fasaha dama. Saboda haka mai bibiya ya san ranar da zai kasa kunne.

Na biyu, rediyo. Tashar BBC Radio 6 Music, wadda aka buɗe a 2002, ta fi karkata ga irin wannan kiɗa. A 2010 an yi shirin rufe ta, amma ƙorafin masu sauraro ya sa aka fasa. Akwai kuma shirin BBC Introducing da aka fara a 2007, inda sabon mawaƙi ke tura waƙarsa ta intanet don tashoshin yankinsa su saurara.

Na uku, manhajojin sauraro da na saye. Bambancin da ke tsakaninsu yana da muhimmanci ga aljihun mawaƙi. Spotify na raba kuɗi ne gwargwadon yawan sauraro, kuma daga 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 ba ba ta samun kaso daga wannan rabo. A shafin Bandcamp kuwa saye ake yi kai-tsaye, shafin ya cire kashi 15 cikin 100 na cinikin waƙoƙin da ake saukewa, da kashi 10 na faifai da riguna. Tun daga Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta tsayar da wasanni, shafin ya riƙa ware wasu ranakun Juma'a yana yafe kasonsa.

Na huɗu, manhajojin da ke sanar da mutum idan mawaƙin da yake so zai zo garinsu, irin su Songkick da Bandsintown da DICE, sai kuma jadawalin da kowane zaure ke wallafawa. Akwai lokuta biyu a shekara da aka keɓe: Ranar Shagunan Faifai a watan Afrilu, wadda aka fara a 2008, da Makon Zauruka Masu Zaman Kansu a ƙarshen Janairu, tun daga 2014.

Duk da waɗannan na'urori, hanya mafi tsufa ba ta mutu ba, wato aboki ya miƙa wa aboki. 'Yan rukunin Arctic Monkeys kan raba faifan gwajinsu kyauta a wurin wasa, masoya kuma suka ɗora shi a intanet, har ya zamana jama'a sun haddace waƙoƙin kafin a fara sayar da su. Irin wannan ya faru a yankin Sahel. Mdou Moctar, makaɗin jita daga cikin Abzinawan Jamhuriyar Nijar, ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008. Waƙoƙinsa sun yi ta yawo daga waya zuwa waya ta katin memori, har ƙaramin kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sa ɗaya a wani kundin haɗaka a 2011. A 2021 kamfanin Matador, ɗaya daga cikin fitattun kamfanonin indi na birnin New York, ya fitar da kundinsa Afrique Victime.

Ƙaramin zaure da aikinsa

Ƙaramin zaure wuri ne da yawanci ke ɗaukar 'yan ɗaruruwan mutane: ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ko benen wata mashaya, ko tsohon sito da aka gyara. A dare ɗaya rukunoni biyu ko uku ne ke hawa dandamali. Masu buɗe fage su kan yi kamar rabin awa, babban baƙo ya rufe da awa ɗaya ko fiye. Tsakanin mai kallo da makaɗi babu nisa, kuma bayan wasa mawaƙin da kansa kan tsaya a teburi yana sayar da faifai da riguna.

Amfanin irin wannan wuri shi ne mawaƙi yana da damar yin kuskure ba tare da asarar ta karya shi ba. A nan yake gane waƙar da ke motsa jama'a da wadda ke sa su juya baya. A nan kuma masu sautin wasa da masu haske da masu shirya taro ke koyon sana'arsu. A watan Mayun 1993 Alan McGee, mai kamfanin Creation, ya ga rukunin Oasis a zauren King Tut's Wah Wah Hut da ke Glasgow, mai ɗaukar mutum 300, ya yi masu tayin yarjejeniya a daren. Bayan shekara uku rukunin ya tara mutum 250,000 cikin dare biyu a Knebworth. Arctic Monkeys sun yi wasansu na farko a wata mashaya mai suna The Grapes a Sheffield a Yunin 2003. A Janairun 2006 kundinsu na farko, wanda kamfanin indi na Domino ya fitar, ya sayar da fiye da kwafi 360,000 a makon farko.

Abin da ya sa zaurukan ke rufewa

Lissafin ƙaramin zaure ba ya da wuyar fahimta. Kuɗin tikiti ba safai yake biyan mawaƙa da ma'aikata da kayan sauti ba, musamman idan sabon rukuni ne wanda mutum arba'in kacal suka zo kallo. Akan cike giɓin ne da cinikin abin sha ko hayar wurin don wasu bukukuwa. Gwamnati na karɓar harajin kashi 20 cikin 100 a kan tikiti. Fiye da kashi 90 cikin 100 na zaurukan haya suke zaune, don haka mai gida na iya ƙara kuɗi ko ya sayar da ginin ga masu gina gidajen kwana. Bayan annobar korona sai tsadar wutar lantarki da gas ta biyo baya, masu kallo kuma aljihunsu ya yi rauni. Wata matsalar ita ce ƙarar hayaniya: a gina sababbin gidaje kusa da zauren da ya shekara talatin yana aiki, sababbin maƙwabta su kai ƙara, hukuma ta takura wa zauren.

Ƙungiyar agaji ta Music Venue Trust, wadda aka kafa a 2014 don kare waɗannan wurare, ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa zauruka 125 sun rufe ko sun daina shirya wasa a shekarar, adadin ya sauko daga 960 zuwa 835. Kashi 38 cikin 100 na waɗanda suka rage sun yi asara, ribar sashen gaba ɗaya kuwa ba ta wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Cikin waɗanda suka rufe har da Moles na birnin Bath, wanda ya yi shekara 45 yana aiki, ya karɓi baƙuncin Oasis da Radiohead da The Smiths a farkon tafiyarsu, ya rufe a Disambar 2023. Duk wannan ya faru ne a lokacin da manyan filayen wasa ke cika maƙil, tikitinsu na ƙarewa cikin mintoci.

Matakan ceto

A 2018 aka shigar da wata ƙa'ida cikin tsarin gine-ginen Ingila, wadda ta ɗora nauyin toshe hayaniya a kan wanda ya zo daga baya. Idan mai gini ya kafa gidaje kusa da zaure, shi zai biya kuɗin hana ƙara shiga. Music Venue Trust kuma ta ɓullo da shirin tara kuɗi daga jama'a tana sayen gine-ginen zaurukan don a daina korarsu, inda ta fara da The Snug a garin Atherton a 2023.

Babbar muhawarar ita ce ta fam ɗaya. A watan Mayun 2024 kwamitin al'adu na majalisar dokokin Birtaniya ya ba da shawarar a riƙa cire wani abu daga tikitin manyan filaye ana tallafa wa ƙananan zauruka. A Nuwambar shekarar gwamnati ta goyi baya, amma ta bar wa masana'antar ta aiwatar bisa raɗin kanta. Masu goyon baya na cewa da yayyafi kogi kan cika, kuma manyan filaye suna girbin abin da ƙananan zauruka suka shuka. Masu shakka na tsoron cewa muddin ba doka ba ce, wasu za su zame. Rukunin Coldplay ya yi alƙawarin ba da kashi 10 cikin 100 na abin da ya samu a wasanninsa na Wembley da Hull a 2025. A Faransa tsarin doka ne: ana cire kashi 3.5 cikin 100 daga tikitin wasannin kiɗa, a zuba a asusun hukumar kiɗa ta ƙasa, wadda ke rarraba shi ga masu harkar.

Shi ma mai bibiya yana da tasa rawar. Sayen tikiti tun da wuri yana ba mai shirya wasa tabbacin da zai hana shi soke taro. Zuwa da wuri don ganin masu buɗe fage shi ke ba sabon rukuni masu sauraro na farko. Sayen faifai ko riga a teburin mawaƙi kuwa yakan ba shi abin da sai an saurari waƙarsa sau dubbai a manhaja kafin ya samu, kuma sau da yawa da wannan cinikin ne rukunin ke zuba mai a mota ya kama hanyar gari na gaba.