Balluɗ: abin da ya kamata ka sani kafin ka ci 'ya'yansa

Idan karatu ko kasuwanci ya kai ka Maroko ko Aljeriya tsakanin Oktoba da Disamba, za ka ga ana sayar da wasu 'ya'yan itace masu ruwan ƙasa, dogaye kamar ƙananan dabino amma masu ɓawo mai tauri. Larabawa na kiransu balluɗ. Ɗaya daga cikin bishiyoyin da ke ba da masu zaƙi ita ce masana tsirrai ke kira Quercus rotundifolia. Ba ta kaɗe ganye duk shekara, kuma tana fitowa a Sifaniya da Fotugal ma.

Yawancin ƙwayar sitaci ne, tare da mai irin wanda ya fi yawa a man zaitun. Ana cinta a dafe ko a gashe, ana kuma niƙa ta a yi gari. Idan kana da ciwon sukari, ka lissafa ta cikin abinci irin su dankali da rogo, kada ka ɗauke ta abin taɓawa kawai.

Abin lura shi ne sinadarin tanin, wanda ke sa bauri a baki. Irinsa ne ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita. Yawansa ya bambanta daga bishiya zuwa bishiya, don haka ɗanɗano ne ma'auninka. In ka ji bauri, ka ɓare, ka farfasa, ka jiƙa ko ka tafasa kana sauya ruwan har baurin ya fita. Cin mai bauri da yawa na kawo tashin zuciya, ciwon ciki da taurin bayan gida. Tanin yana kuma rage yadda hanji ke tsotsar sinadarin ƙarfe, kamar yadda shayi mai ƙarfi ke yi. Mai juna biyu ko mai ƙarancin jini kada ta haɗa shi da ƙwayoyin ƙarin jini a lokaci guda. Shanu da tumakin da suka cika ciki da ɗanyen balluɗ kan samu lalacewar ƙoda, saboda haka mai ciwon ƙoda ya fara tambayar likitansa.

Ka zubar da duk ƙwayar da ta yi fumfuna ko tsutsa ta huda. Kada ka ba yaron da bai kai shekara 5 ba ƙwaya guda, tana iya shaƙe shi. In bayan ci leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti nan take.