SULKE KO KATAKO: TARIHIN ƘAWANCEN JIRAGEN DAKO NA INGILA DA AMURKA

Gabatarwa

A cikin dukkan kayan faɗan da ɗan Adam ya ƙera a ƙarni na 20, da wuya a sami wanda ya kai jirgin ruwa mai dakon jiragen sama tsada da wuyar sarrafawa. Filin jirgin sama ne sukutum a kan ruwa, da ma'ajiyar mai, da rumbun makamai, da makwancin dubban mutane, duk a cikin ƙwarya guda. Wannan maƙala za ta duba yadda Ingila da Amurka suka ƙera irin wannan jirgi, kowa bisa nasa tunani, da abin da ya faru sa'ad da yaƙi ya tilasta musu yin aiki kafaɗa da kafaɗa. Domin sauƙi, za mu riƙa kiran sa jirgin dako.

Kafin mu yi nisa, yana da kyau mai karatu ya san cewa wannan jirgi ya taɓa tarihinmu. A ƙarshen shekarar 1940 jiragen dakon Ingila guda biyu, Argus da Furious, sun yi jigilar jiragen yaƙi samfurin Hurricane zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau. Daga can ne matuƙa suka riƙa tasowa da su ta Legas da Kano da Maiduguri, su ratsa Sudan har zuwa Masar.

Ma'auni ɗaya, ƙira biyu

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya manyan ƙasashe sun zauna a birnin Washington a shekarar 1922 don rage gasar ƙera jiragen ruwan yaƙi. Aka ƙayyade cewa kada sabon jirgin dako ya wuce tan 27,000. Aka ba Ingila da Amurka jimlar tan 135,000 kowaccensu, Japan kuwa tan 81,000. A taron Landan na 1936 aka sake rage nauyin jirgi ɗaya zuwa tan 23,000. To, da yake nauyi ya zama abin awo, sai ya zama dole maƙera su zaɓa: ko dai a kashe nauyin a kan sulke, ko kuwa a kan yawan jirage. Ba a samun duka biyun.

Ingila ta zaɓi sulke, kuma tana da dalilanta. Ta san za ta yi faɗa ne a Bahar Rum da Tekun Arewa, wuraren da jiragen Jamus da Italiya za su iya tasowa daga doron ƙasa su yi ruwan bama-bamai. A lokacin na'urar rada ba ta kankama ba, saboda haka babu tabbacin za a hango abokin gaba da wuri balle a tare shi. Bugu da ƙari, har zuwa 1939 jiragen saman rundunar ruwa suna hannun rundunar sama ne, kuma ba a ba su da yawa. Wannan ya sa Admiral Reginald Henderson ya tsaya kai da fata a kan ƙirar Illustrious. Filin saukarsa ƙarfe ne mai kaurin inci 3, rumfar ajiye jirage kuwa aka rufe ta ruf kamar akwati. Farashin wannan kariya shi ne jirage 36 kacal aka tsara zai ɗauka.

Amurka kuwa idonta yana kan Tekun Fasifik, inda tsibirai suke nesa da juna. Hafsoshinta sun gano a wajen atisaye cewa wanda ya riga kai hari da jirage masu yawa shi ke cin nasara. Don haka suka shimfiɗa katako a kan siririn ƙarfe ya zama filin sauka, suka mayar da sulken can ƙasa, suka bar gefen rumfar ajiya a buɗe yadda za a iya tayar da injuna a ciki su yi ɗumi. Haka nan kuma sukan jera wasu jiragen a saman filin dindindin. Ta haka jirgin dako irin su Yorktown, da Essex da ya biyo baya, ke ɗaukar jirage wajen 90.

Sulken Ingila ya fara nuna amfaninsa ranar 10 ga Janairun 1941, lokacin da jiragen Jamus suka yi wa Illustrious taron dangi kusa da tsibirin Malta. Sama da mutum 100 suka halaka, amma jirgin bai nutse ba, da injinsa ya shiga tashar Malta. Abin lura shi ne inda aka gyara shi: tashar Norfolk ta Amurka, tun Amurkar ba ta shiga yaƙin ba.

Aron jirgi a 1943

Shekarar 1942 ta yi wa Amurka tsanani. Tsakanin watan Mayu da Oktoba Japan ta nutsar mata da jiragen dako huɗu: Lexington da Yorktown da Wasp da Hornet. Enterprise ya ji rauni. Ganin haka sai ta nemi aro daga Ingila, aka ba ta Victorious. Jirgin ya tsaya gyara a Norfolk, ya ratsa mashigin Panama, ya biya ta Pearl Harbor, a watan Mayun 1943 ya isa Noumea ya haɗu da Saratoga. A rediyo Robin ake kiran sa.

A nan ne aka gane cewa magana da harshe ɗaya ba ta isa ba. Jirgin Avenger na Amurka ya yi wa igiyoyin ƙarfen da ke tsayar da jirgi a kan Victorious nauyi, sai da aka ƙara musu ƙarfi. Wani abin da ya fi wannan haɗari shi ne alamun sauka. A ƙarshen filin akwai hafsa mai riƙe da faifai biyu yana yi wa matuƙi jagora. A wajen Ingilishi, idan ya ɗaga hannuwa umurni ne, wato ƙara sama. A wajen Amurkawa kuwa labari ne, wato ka yi sama da yawa, sauko. Alama ɗaya, ma'ana biyu masu karo da juna, ga shi matuƙi ba shi da lokacin tunani sai na ƙiftawa da bismilla. Dole ɗaya ya bi ɗaya, kuma Ingilishi ne suka koyi tsarin Amurka.

Da aka daidaita waɗannan, sai ƙawancen ya yi armashi. A lokacin mamayar tsibirin New Georgia, a watannin Yuni da Yuli, jiragen biyu sun yi musayar kaya. Victorious ya karɓi jiragen kare sararin sama na ɓangarorin biyu, Saratoga ya ɗauki masu jefa bam, har da na Ingila. Amurkawa sun yaba da ɗakin da Ingilishi ke amfani da rada suna yi wa matuƙa jagora zuwa ga abokin gaba. A shekarar 1944 Amurka ta rama biki: Saratoga ya shiga rundunar Ingila a Tekun Indiya ƙarƙashin Admiral Somerville, shi da Illustrious suka kai hari Sabang a watan Afrilu, da Surabaya a watan Mayu.

Gwajin Okinawa

A taron Quebec na Satumban 1944 Churchill ya yi tayin aika babbar runduna zuwa Fasifik, Shugaba Roosevelt ya amsa nan take. Amma babban hafsan ruwan Amurka, Admiral Ernest King, bai so ba, ya kuma gindaya sharaɗin cewa Ingila ta ciyar da kanta da kanta. Aka kafa rundunar ƙarƙashin Admiral Bruce Fraser, hedkwatarta a Sydney ta Ostireliya. Daga ƙarshen Maris zuwa Mayun 1945 aka ɗora mata aikin ragargaza filayen jiragen tsibiran Sakishima, don kada Japan ta bi ta nan ta kai ɗauki Okinawa.

Mafi yawan jiragen da ke kan waɗannan jiragen dako ƙirar Amurka ne: Corsair da Hellcat da Avenger. Da yake rufin rumfar ajiyar Ingila gajere ne saboda sulke, sai da aka datse inci 8 daga bakin kowane fiffike na Corsair kafin ya shiga idan an naɗe shi. Shan mai a tsakiyar teku ma wata wahala ce. Amurkawa suna jerawa gefe da gefe da tankar mai su sha cikin sauri, Ingilishi kuwa suna bin tanka a baya da dogon bututu mai yawan fashewa.

To amma da 'yan ƙunar baƙin waken Japan, wato kamikaze, suka fara faɗowa, sai sulke ya yi rana. Ranar 1 ga Afrilu ɗaya ya faɗa kan Indefatigable, cikin kamar sa'a guda jirage suka ci gaba da sauka. Ranar 4 ga Mayu wani ya lotsa filin Formidable, aka cike ramin da siminti da faifan ƙarfe, kafin dare an koma aiki. A ɓangaren Amurka labarin ya sha bamban. Ranar 19 ga Maris bama-bamai biyu suka huda filin Franklin suka tashi a cikin rumfar ajiya, sama da mutum 700 suka mutu. Ranar 11 ga Mayu kamikaze biyu suka faɗa wa Bunker Hill, aka rasa kusan mutum 400. Dukansu biyu ba su sake komawa fagen daga ba.

Wa ya fi gaskiya?

Mai karatu zai iya cewa ai magana ta ƙare, Ingila ce ta yi daidai. Sai dai hukuncin bai zo da sauƙi haka ba. Na farko, yawan jiragen Amurka shi ne ya karya rundunar Japan, kuma shi ne ya kakkaɓo mafi yawan maharan tun ba su iso ba. Na biyu, a cikin jirage 24 samfurin Essex da aka ƙera, ko ɗaya ba a nutsar ba. Na uku, tun da sulken Ingila jikin jirgin ne kansa, duk dukan da ya sha yakan bar masa targaɗe mai wuyar gyara, kuma gajeren rufi ya hana shi karɓar manyan jiragen da suka zo bayan yaƙi. Kafin ƙarshen shekarun 1950 an yanka Formidable da Illustrious da Indomitable an sayar da ƙarfen, alhali wasu Essex sun yi aiki har shekarun 1970, Lexington na biyu ma har 1991.

Gaskiyar magana ita ce kowa ya yi ƙira daidai da tekunsa da aljihunsa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da ƙa'idar nauyi ta faɗi, sai Amurka ta haɗa biyun a jirgin Midway na 1945, mai tan 45,000, ga sulke a filin sauka ga kuma jirage fiye da 100.

Bayan yaƙi

Zuwan jirage masu injin jet ya kusa mayar da jirgin dako abin tarihi, domin sun yi nauyi kuma suna sauka da gudu. Mafita uku duk daga hafsoshin Ingila suka fito. Dennis Cambell ya kawo shawarar karkata layin sauka zuwa hagu, yadda wanda ƙugiyarsa ta kuskure igiya zai sake tashi ba tare da ya afka wa jiragen da ke gaba ba. Colin Mitchell ya ƙera majaujawar tururi mai cilla jirgi sama. Nicholas Goodhart ya ƙirƙiro madubi mai fitila da ke nuna wa matuƙi hanyar sauka. Amurka ta karɓi dukkan ukun: karkataccen fili a kan Antietam a ƙarshen 1952, majaujawa a kan Hancock a 1954, madubi a kan Bennington a 1955. Ingila ce ta yi tunanin, Amurka mai kuɗi ta fi cin moriyarsa.

Ƙungiyar NATO, wadda aka kafa a 1949, ta mayar da darasin 1943 ya zama rubutattun ƙa'idoji a kan mai da alamu da sadarwa. Duk da haka ƙira ita ke yanke hukunci. Jirgin Faransa Charles de Gaulle, da ya fara aiki a 2001, majaujawar Amurka aka sa masa, shi ya sa a 2018 jiragen Rafale suka iya yin atisaye a kan jirgin Amurka George H. W. Bush. Ingila ta ƙudura sa majaujawa a sabon jirginta a 2010, ta fasa a 2012 saboda tsada. Sakamakon haka Rafale ba zai iya sauka a kan Queen Elizabeth ba, ko da yake ƙasashen biyu maƙwabta ne kuma abokan ƙawance. Da wannan jirgi ya fita doguwar tafiyarsa ta 2021, jiragen F-35B guda 18 ya ɗauka, 8 na Ingila, 10 na Amurka. A watan Oktoban shekarar irin wannan jirgi na Amurka ya sauka a kan Izumo, jirgin ruwan Japan, abokiyar gabar jiya.

Kammalawa

Abin da wannan tarihi ke nunawa shi ne, shugabanni ne ke sa hannu a takardar ƙawance, amma ƙarfin igiya da tsawon rufi da ma'anar alamar hannu su ne ke tabbatar da shi ko su rushe shi. Abin da aka ƙera yau shi ke zaɓa wa ƙasa wanda za ta iya aiki da shi bayan shekara 30, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Haka kuma ma'aunin mai ƙarfi shi ke zama ma'aunin kowa. A 1943 Amurka ce ta ari jirgin dako daga Ingila, a 2021 kuwa Ingila ce ta cika nata da jiragen Amurka. Ƙaramin abokin ƙawance yana samun kariya, amma yana biya da wani yanki na 'yancinsa, kuma abin da kawai ke sa a ci gaba da sauraron sa shi ne ya zo da basirar da babban ba shi da ita.