Hula, Gashin Baki da Baƙar Inuwa: Yadda Zanen Share Fage na Wasan Bidiyo Ya Samo Asali

A shekarar 1981, wani matashin ma'aikacin kamfanin Nintendo na Japan, Shigeru Miyamoto, ya rasa yadda zai yi ya zana mutum a filin da bai wuce ɗigo 16 a tsaye da 16 a kwance ba. Baki ba zai fito a wannan ƙuncin ba, sai ya ɗora wa mutumin gashin baki. Suma kuma ana bukatar ta riƙa motsi in ya yi tsalle, sai ya rufe ta da hula. Ya sa masa wando mai rataya a kafaɗa, launinsa daban da na riga, domin a ga hannuwansa suna kaɗawa in yana gudu. Wannan mutumin na wasan Donkey Kong shi ne daga baya duniya ta sani da suna Mario. Duk abin da ake ɗauka ado ne a jikinsa, ƙarancin ƙarfin na'ura ne ya haife shi, kuma haka akasarin dabarun wannan sana'a suka samu.

Sana'ar da ake magana a kai ita ce zanen share fage, wato zane-zanen da ake yi tun kafin a gina wasa, don ma'aikata su daidaita a kan kamannin jarumi da gari da makami da yanayin haske. Mai wasa ba ya ganinsu, sai dai in kamfani ya tattara su ya buga littafi. Wanda ya san ɗinkin babbar riga ya san irin wannan aikin: akwai mai zana aska takwas da alƙalami da tawada a kan yadi, sannan mai allura ya bi sawu, in an gama zare ya rufe tawadar ruf.

Daga masana'antar fim aka gaji aikin. Tun a shekarun 1930 kamfanin Disney yake ajiye masu zanen da aikinsu kawai su ba sauran ma'aikata hasken yadda fim zai kasance, kuma zane-zanen Mary Blair ne suka tsara launukan Cinderella na 1950 da Peter Pan na 1953. Amma wanda masu zanen wasa suka fi ɗauka uba shi ne Ralph McQuarrie, tsohon mai zanen injiniya a kamfanin jirage na Boeing. George Lucas ya ɗauke shi a 1975 ya zana masa wasu fitowa na Star Wars, lokacin labarin yana kan takarda, kuma zane-zanen sun taimaka wajen shawo kan kamfanin 20th Century Fox ya zuba kuɗi. Shi ne ya ba da shawarar a rufe fuskar Darth Vader da abin numfashi, tunda labarin ya ce zai tsallaka daga jirgi zuwa jirgi a sararin da babu iska. Bayansa sai Syd Mead, wanda ya fara da zanen motoci a Ford, ya zo ya tsara birnin Blade Runner na 1982. A hannun waɗannan aka koyi sanya ɗan ƙaramin mutum a gindin ƙaton gini don ido ya auna girma, da disashe launin abin da ke nesa ya koma shuɗi-shuɗi kamar an lulluɓe shi da hazo. Wannan ta biyun tsohuwar dabara ce, Leonardo da Vinci ya yi rubutu a kanta tun wajen shekara 500 da suka wuce.

Wasannin farko ba su iya cin moriyar wannan gado ba. Na'urar Atari 2600 da ta fito a 1977 'yan murabba'ai kawai take nunawa, don haka gwanintar masu zane irin su Cliff Spohn ta koma kan kwalin da ake sayar da wasan a ciki. Yaro zai ga jarumi da takobi a kwali, ya kunna talabijin ya tarar da wani ɗan dunƙule yana yawo, sai tunaninsa ya cike giɓin. A Nintendo kuwa, Miyamoto da Takashi Tezuka a kan takarda mai layukan murabba'i suka zana matakan Super Mario Bros. na 1985, gida bayan gida, sannan masu shirya manhaja suka shigar da su.

A Japan an kira fitattun masu zane tun daga tushen aiki, kuma mutum biyu sun bi hanyoyi mabambanta. Akira Toriyama, mai littafin barkwancin Dragon Ball, shi ya zana halittun Dragon Quest na 1986. Layinsa mai kauri ne, siffofinsa a dunƙule, ko an matse su sun koma ɗigo ba sa ɓacewa. An miƙa masa zanen wani dodo mai kama da kwararren ruwa mai yauƙi, ya mayar da shi ɗigon ruwa mai tsini a ka, da idanu biyu da murmushi, har yau shi ne tambarin wasan. Yoshitaka Amano, wanda ya shiga kamfanin zanen katun na Tatsunoko yana ɗan shekara 15, ya zana wa Final Fantasy na 1987 mutane dogaye sirara, da tawada da fentin ruwa, tufafinsu cike da duwatsun ado da mayafai masu tashi a iska. Na'urar Famicom da wasan ya fito a kanta kuwa launi 3 kacal take ba kowane ɗan hoto mai motsi. Sai aiki ya faɗa kan Kazuko Shibuya, wadda ta riƙa zaɓen abin da zai tsira, hular wannan, jan mayafin wancan, ta gina gajerun mutane masu manyan kawuna da ɗigo-ɗigo. A ganina an daɗe ana tauye wa wannan mata haƙƙi. Sunan Amano ake ambata, alhali fuskokin da miliyoyin yara suka shafe awanni suna kallo nata ne.

A Amurka ma ana ta fama da launi. Kwamfutocin ƙarshen shekarun 1980 da yawa launi 16 suke nunawa, sai Mark Ferrari na Lucasfilm Games ya ƙware wajen jera ɗigo na launi biyu a cakuɗe har ido ya ga na uku, ya fitar da sararin magariba a wasan Loom na 1990. Shekara guda bayan haka, a Monkey Island 2, da hannu aka zana wuraren wasan a takarda, aka ɗauke su da na'urar sikana.

Fitowar PlayStation a 1994 ta sauya aikin gaba ɗaya. Yanzu jarumi yana da gaba da baya da gefe, mai wasa na iya zagaya shi, mai gina shi a kwamfuta kuma ba zai yi ta canki-canki ba. Dole mai zane ya kawo takardar da ke nuna mutum ɗaya ta fuska uku, da bayanin yadda igiyar takalmi ta ɗauru da irin ƙarfen da ke kafaɗa. Duk da haka hannu bai mutu ba. Yoji Shinkawa na Konami da alƙalami mai bakin buroshi na kamfanin Pentel ya zana mutanen Metal Gear Solid na 1998, baƙar tawada a kan farar takarda, wani wurin ma layin bai haɗe ba. Fuskokin cikin wasan ko idanu sosai ba su da su, inuwa ce kawai a gurbinsu, amma da yake zanen Shinkawa ma da inuwa yake magana, sai abin ya zauna daidai.

Manhajar Photoshop ta fito a 1990, aikin 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, kuma a 1994 aka ƙara mata damar yin zane hawa-hawa, ta yadda za a cire sama a sauya ba tare da an taɓa dutse ba. Da aka haɗa ta da allon zane na Wacom, sai fenti ya daina jiran bushewa. Craig Mullins, wanda ya yi aiki a kamfanin dabarun fim na Lucas kafin ya zana wa kamfanin Bungie hotunan wasannin Marathon da Halo, shi ake yawan kira jagoran wannan salo. Ba ya farawa da layi. Manyan dunƙulen haske da duhu yake fara zubawa, sannan ya sassaƙo siffa daga ciki. Daga nan tsarin da ake bi a yau ya kafu: ƙananan zane-zane barkatai da ba su wuce tsawon yatsa ba, a zaɓi biyu ko uku, a daidaita haske da duhu da ruwan toka zalla, launi ya zo a ƙarshe. Gaggawa ta kuma kawo yanko hotunan gaske, bangon wata masana'anta ko tayar babbar mota, a liƙa a cikin zane a bi da fenti. Dabarar tana rage lokaci ƙwarai, sai dai ina ganin tana da hannu a yadda wasannin harbi na tsakiyar shekarun 2000 suka koma kusan kala ɗaya, ƙasa-ƙasa da toka-toka, kowane soja kamar ɗan'uwansa.

Wanda ya fi kowa tsara maganin wannan a fili shi ne kamfanin Valve. Wasansu Team Fortress 2 ya fara ne da sojoji irin na gaske, aka yi ta jan ƙafa kusan shekara 9, kafin ya fito a 2007 da kama ta daban. Damuwarsu ɗaya ce: a cikin hargitsin faɗa, mai wasa yana da ƙiftawar ido ne kawai ya gane wa ke tahowa, ɗan wane ɓangare ne, me yake riƙe da shi. Sai Moby Francke da abokan aikinsa suka koma ga masu zanen tallan mujallun Amurka na farkon ƙarni na 20, J. C. Leyendecker da Dean Cornwell da Norman Rockwell. Kowane ɗaya daga jarumai 9 an shafe shi da baƙi ƙirin an duba ko za a gane shi da inuwarsa kaɗai: ƙato mai faɗin ƙirji da ƙananan ƙafafu, siririn yaro mai gudu, likita mai doguwar riga. Ƙafafu aka ba launi mai duhu, haske yana ƙaruwa zuwa ƙirji, inda makami yake, don ido ya sauka can da kansa. Sansanin ɓangaren jajaye na katako ne mai launin ɗumi, na ɓangaren shuɗaye kuma siminti da ƙarfe. Gwajin baƙar inuwa ya girmi Valve, masu katun sun daɗe da saninsa, amma tun daga lokacin da wuya ka ga makarantar zanen wasa da ba ta fara da shi.

Wata dabarar daga kamfanin Pixar ta zo, inda Ralph Eggleston ya jera ƙananan hotuna masu nuna launin kowace fitowa ta Toy Story na 1995 daga farko har ƙarshe. Matt Nava ya bi irin wannan hanya a Journey na 2012, wasan da babu magana ko ɗaya a cikinsa. Launi ne ke ba da labarin: rairayin sahara ruwan zinariya, duhun ƙarƙashin ƙasa mai shuɗi-kore, farin ƙanƙara a kan dutse inda tafiya ta yi tsanani.

Yau da yawan masu zanen da manhajar Blender suke fara gina fili, su saita haske, sannan su yi fenti a kai. Rigimar da ake ciki kuma ta manhajojin ƙirƙirarriyar basira ce irin su Midjourney da Stable Diffusion, da suka bazu a 2022. A watan Disamba na shekarar masu zane suka cika dandalin ArtStation da hotunan nuna ƙin amincewa, a Janairun 2023 kuma wasu masu zane uku, cikinsu har da Karla Ortiz, suka kai ƙara kotu a Kalifoniya kan an horar da manhajojin da ayyukansu ba da izini ba. Tun farkon 2024 Valve ke neman duk mai sa wasa a kasuwarsa ta Steam ya bayyana ko ya yi amfani da irin waɗannan manhajoji.

Matashin da ke sha'awar wannan sana'a, manhajojin Krita da Blender duk kyauta ake sauke su, gwajin baƙar inuwa kuwa biro da takarda sun ishe shi. Ya zana mutum goma, ya shafe su da baƙi, ya miƙa wa ƙaninsa ya ga nawa zai iya bambantawa.