Ƙarfe Nawa Ne a Wajenku?



A watan Maris da ya wuce, mu huɗu daga cikin wannan zaure muka shirya ganawa ta Zoom da wata mai buga littattafai da ke Niyok, kan batun fassara gajerun labaranmu. Tun Janairu muka tsayar da magana: goma na safe a wajenta, huɗu na yamma a wajenmu. Ranar da aka sa muka sayi data, muka yi la'asar, muka hau a kan kari. Babu kowa. Ashe baiwar Allah ta jira mu tun ƙarfe uku agogonmu, ta gaji ta shiga wani taron. Agogonsu ne ya matsa gaba da awa ɗaya, namu yana nan inda muka bar shi. Takaicin wannan rana ne ya sa muka bi sawun abin.

Kafin jirgin ƙasa, kowane gari da ranarsa yake aiki: idan ta take tsaka, sha biyu ta yi. Shi ya sa agogon Bristol yake bayan na Landan da kusan minti goma, kuma babu wanda ya damu, don mai tafiya a keken doki ba ya lissafin minti. Jirgi ne ya zo da rigima, domin direbobi biyu a kan layin dogo ɗaya ba za su yi aiki da agogo biyu a zauna lafiya ba. A 1840 kamfanin Great Western ya ɗora tashoshinsa a kan agogon Landan. A Amurka ma kamfanonin jirgin ne suka raba ƙasar shiyya-shiyya ranar 18 ga Nuwamba, 1883, ba tare da jiran majalisa ba. Shekara guda bayan haka wakilan ƙasashe 25 suka zauna a Washinton suka zaɓi Greenwich ta Ingila a matsayin mafarin lissafi. Faransa ta ƙi kaɗa ƙuri'a, ta riƙe agogon Paris har 1911. Wannan shi ne "agogon GMT" da muka tashi muna ji a rediyon iyayenmu.

Da a nan aka tsaya, da ganawarmu ba ta ɓaci ba: ka haddace tazara sau ɗaya, shi ke nan. Sai ga wani magini Bature, William Willett, wanda ya kan fita kilisa da sassafe a lokacin bazara ya tarar gari ya waye tangaran amma mutane suna barci. Abin ya dame shi har ya buga ɗan littafi a 1907 yana neman a riƙa tura agogo gaba idan rana ta yi tsawo. Majalisa ta yi ta jan ƙafa har ya mutu a 1915. Yaƙi ne ya yi abin da lallashi ya kasa. Ranar 30 ga Afrilu, 1916 Jamus ta tura agogonta gaba don tsimin gawayi, Ingila ta bi sahu cikin makonni uku.

Amurka ce ta fi shan wahalar abin, kuma ita ta jawo wa kanta. Bayan yaƙin duniya na biyu aka bar kowace jiha, har kowane gari, ya zaɓi ranar da zai juya agogo ko ya ƙi juyawa. A 1965 Minneapolis da St. Paul, birane biyu maƙwabta da ke gaɓar kogi ɗaya, suka yi mako biyu da bambancin awa guda. Masu jiragen sama, motocin haya da gidajen talabijin suka matsa lamba, aka yi dokar bai-ɗaya a 1966. Amma har yau mafi yawan jihar Arizona ba ta juyawa.

Inda gizo ke saƙar ga mai kiran waya shi ne ranakun juyawar ba ɗaya ba ne. Tun 2007 Amurka na tura agogo gaba a Lahadi ta biyu ta Maris, ta dawo da shi Lahadin farko ta Nuwamba. Ingila da Tarayyar Turai kuwa Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Don haka akwai mako biyu ko uku a Maris da tazarar Landan da Niyok ke komawa awa huɗu maimakon biyar. Sydney kuma, da yake bazararsu ce hunturun Turai, tazararta da Landan na yawo tsakanin awa tara, goma da sha ɗaya.

Mu a Najeriya da Nijar ba ma juyawa, tsawon ranarmu bai cika canzawa ba. Ɗan Kantin Kwari mai kiran Guangzhou awa bakwai zai ƙara kullum, mai kiran Dubai awa uku. Amma mai kiran Niyok sai ya duba wata: shida a Janairu, biyar a Yuli. 'Yan gidan kallon ƙwallo sun riga mu gane wannan, sun san wasan ƙarfe uku na Ingila huɗu yake zuwa mana a Disamba.

Abin ya shafi alƙalaminmu ma. Mun sha karanta labarin da jaruma a Kano ke kiran mijinta a Amurka bayan azahar, wai ta same shi yana shirin kwanciya. A lokacin ko karin kumallo bai gama ba.

Baiwar Allahn nan ta yi mana uzuri, ta ba mu wata rana a mako na biyu na Nuwamba, goma na safe a wajenta. Ɗaya daga cikinmu ya rubuta "ƙarfe uku" a littafinsa. Mun sa ya goge: kafin ranar sun mayar da agogonsu baya, huɗu ce kuma.