Layin da Aka Soke: Ina Iyakar Shaidar Daftarin Virginia Woolf?

Tun daga littafin Louise DeSalvo na 1980 kan yadda aka gina The Voyage Out, littafin Woolf na farko, da kuma Melymbrosia, wanda ta harhaɗa daga daftarorinsa ta fitar a 1982, wani ra'ayi ya samu gindin zama a nazarin Virginia Woolf. Ra'ayin shi ne cewa marubuciyar ta riƙa tace kanta don tsoro, saboda haka muryarta ta ainihi, mai zafi kan mulkin mallaka da danniyar maza, tana kwance a daftarorin da ke taskar Berg ta babban ɗakin karatun birnin New York, abin da ya fito kasuwa kuwa sassauci ne. Wannan maƙala tana jayayya da hakan, ko da yake ba ta kowace fuska ba.

Tarihin takardun sananne ne, ba sai an daɗe a kansa ba: dayarinta na 1915 zuwa 1941 da akasarin daftarorin ƙagaggun labaranta suna Berg, takardun Monks House suna Jami'ar Sussex, littattafan rubutu uku na Mrs Dalloway suna British Library a Landan, daftarin A Room of One's Own kuma yana gidan tarihi na Fitzwilliam a Cambridge (duba Rosenbaum, 1992).

Matsalar farko tana cikin Melymbrosia kansa. Woolf ba ta bar wani kammalallen littafi mai wannan suna a ɗaure ba. DeSalvo ce ta tsinto shafuka daga cikin tarin takardun Berg, ta jera su bisa alamun takarda da rubutu, ta ce ga yadda labarin yake wajen 1912. Aiki ne na haƙuri, kuma babu mai nazarin da bai amfana da shi ba. Sai dai kowane jeri hukunci ne na edita, kuma Leonard Woolf ya shaida cewa matarsa ta ƙona tulin daftarorin wannan littafi. Abin da ya rage ragowa ce. Idan aka ɗora ragowa a kan ma'auni ɗaya da littafin da marubuciya ta karanta gyaransa ta amince a buga a 1915, har aka ce ragowar ta fi gaskiya, to an ba edita matsayin da ya fi na mai littafi.

Matsala ta biyu ta fi zurfi. Layin da aka soke a takarda yana nuna cewa an soke, ba ya faɗin dalili. Marubuci kan soke jimla don tsoro, yakan soke ta don ta yi wa'azi a inda labari ya kamata ya yi magana, ko don ya riga ya faɗi abin a wani babi. Tawada ɗaya ce a duka ukun. Wanda ya shiga taska da yaƙinin cewa tsoro zai tarar, da wuya ya fito bai tarar ba.

Tarihin The Years ya ishe mu gwaji. Asalinsa jawabin da Woolf ta yi wa wata ƙungiyar mata masu aiki a Landan a Janairun 1931. A ƙarshen 1932 ta fara rubuta shi da sunan The Pargiters, babin labari na biye da babin sharhi, inda take bayyana a fili yadda kuɗi da ilimi da tsoron fita titi suka daure 'yan matan gidan masu hali na 1880. A Fabrairun 1933 ta watsar da babukan sharhin. Mitchell Leaska ya buga su a 1977, kuma an sha karanta su a matsayin hujjar cewa ta ja da baya. To amma ina maganar ta tafi? Shekara guda bayan The Years na 1937 ta fitar da Three Guineas, wanda ya haɗa mulkin uba a cikin gida da mulkin kama-karya na Turai, da hotunan alƙali da janar da babban limamin coci cikin kayan alfarmarsu. Har wasu abokanta sun ƙi littafin. Mai tsoro ba haka yake yi ba. Abin da takardun suka fi nunawa, a ganina, shi ne ta raba kaya biyu da suka ƙi zama a jaka ɗaya. Kada kuma a manta tun 1917 ita da mijinta suke da maɗaba'ar Hogarth, kuma daga Jacob's Room na 1922 su ke buga labaranta a Ingila. Babu wani mai kamfani da zai tsare mata ƙofa.

Nan ne dole a rage faɗin da'awar, domin DeSalvo tana da abin cewa, kuma mai nauyi ne. The Voyage Out ya riga Hogarth. Kamfanin Duckworth ne ya buga shi, na Gerald Duckworth, ɗan'uwanta na wajen uwa, wanda ta rubuta daga baya a "A Sketch of the Past" cewa ya ci zarafinta tana ƙarama. Marubuciyar da za ta miƙa littafinta na farko ga wannan mutum tana da dalilin auna kalmominta, kuma sassaucin da ake gani a wasu wurare tsakanin daftari da bugu ba ƙirƙirar DeSalvo ba ne. Doka ma tana nan: a Nuwamban 1928 kotu a Landan ta haramta The Well of Loneliness na Radclyffe Hall, a daidai lokacin da Woolf ke shirya A Room of One's Own. Saboda haka ba za a ce tsoro bai taɓa riƙe alƙalaminta ba. Sai dai abin da hujja ta yarda da shi ya fi ra'ayin tacewar ƙanƙanta: a littafin farko, da wasu shafuka na 1928 zuwa 1929, akwai matsi daga waje da za a iya nunawa da suna da shekara. A inda babu irin wannan shaida, kiran kowane gyara tacewa zato ne.

Akwai tacewa ta haƙiƙa a tarihin waɗannan takardu, sai dai ba da hannunta aka yi ba. A Writer's Diary da Leonard ya fitar a 1953 tsame ne daga kundi 26, ya zaɓi abin da ya shafi rubutu, ya bar tsegumi da kaifin harshenta kan mutanen da ke raye a lokacin. Sai da Anne Olivier Bell ta buga dayarin a juzu'i biyar tsakanin 1977 da 1984 aka ga girman abin da aka cire. A nan taska ta gyara bugu, domin wani ne ya yanke, kuma ana iya ɗora shafi kan shafi a gani. Between the Acts ma yana kusa da wannan: Woolf ta nemi a dakatar da shi don ta sake dubawa, ta rasu ranar 28 ga Maris 1941, Leonard ya buga shi a Yulin shekarar. Daftarin wannan littafi yana da ƙarfin da na The Years ba shi da shi, saboda ba ta kai ga yanke hukuncinta na ƙarshe a kansa ba.